Cire yara daga makaranta ana tsakiyar zango don tafiya hutu: wa ya taɓa yi a Ingila?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa faruwa da su da kansu. Muna Ingila, yara biyu, babbar tana aji 6 na firamare ƙaramin yana aji 4. Maigidana a wajen aikinsu an hana shi hutu a Yuli da Agusta saboda wasu sun riga shi kamawa, sati ɗaya aka ba shi a tsakiyar Yuni, kuma tunda aka haifi ƙaramin bamu taɓa fita mu huɗu ba, kullum aiki, shi dare ni rana, sai yaran nan su kwana biyu basu ga babansu ido biyu ba. Jarabawar SATs ta babbar, wato ta ƙarshen firamare, a watan Mayu ce, kenan ta gama kafin lokacin. Kwana biyar na makaranta zasu rasa, Litinin zuwa Juma'a. In rubuta wa hedimasta in nemi izini ko ɓata lokaci ne? In ya ƙi muka tafi nawa ne tarar takamaimai, kuma a nan take tsayawa ko akwai abin da zai biyo baya?

Anti Balaraba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kar ki kuskura ki cire yarinya mai jarabawa a gaba, hutu ba guduwa zai yi ba, ki bari ta gama tukunna.

Maman Ilham: Anti ai na faɗa a sama, a Mayu zata gama, tafiyar Yuni ce.

Abban Sadiq: Ku tafi abinku kawai. Fam 60 ne, mun taɓa biya, na biya da kati a intanet shikenan ba wanda ya sake min maganar. Kuɗin da muka rage a tikitin jirgi kaɗai ya ninka tarar sau nawa. Farashin Agusta ninki biyu ne na Yuni, kowa ya san haka.

Maman Hanan: Ba fam 60 bane yanzu Abban Sadiq, tsohon farashi kake faɗa. Tun watan Agustan 2024 ya koma fam 80 in an biya cikin kwana 21, in ya wuce ya zama 160. Kuma kowane uba da kowace uwa daban, kowane yaro daban. Maman Ilham ke da maigida da yara biyu fam 320 kenan, in kuka yi jinkiri 640.

Baban Amir: Ni 160 aka turo min kai tsaye babu wani zancen 80, to ku gaya min wanne ne gaskiya. Kuma zancen ninki biyu ba haka na gani ba, ni da na duba otal da jirgi tare kusan ninki uku ne.

Maman Hanan: Yallaɓai in 160 aka turo maka kai tsaye to karo na biyu ne akan yaro ɗaya cikin shekara uku, na biyun babu ragi. Na uku kuma ba tara ake turowa ba, daga nan sai maganar kotu ko wani mataki.

Baban Amir: Eh na biyu ne kam.

Ɗan Autan Gida: Yaya Maman Ilham mafita mai sauƙi, ku ɗauke ni malamin lesin, ku saya min tikiti da ɗaki mai kallon teku, kullum da safe zan yi musu lissafi na minti goma a bakin ruwa, hedimasta da kansa zai sa min albarka 😂

Ummu Khalil: Ni dai duk mai cewa "tara ce kawai ki biya" Allah ne ya rufa masa asiri takardar ta iso hannunsa. Bari in baku nawa. Na cire ɗana sati ɗaya, na cike fom na kai ofishin makaranta da hannuna, aka ce ba a amince ba, na ce to na ji zan biya in ta zo. Muna dawowa ba da jimawa ba mai gidan da muke haya ya ce zai sayar, muka tashi a gurguje, na sanar da makaranta sabon adireshi a rubuce, amma takardar tarar ba makaranta ke turo ta ba, ƙaramar hukuma ce, su kuma tsohon adireshin ne a hannunsu. Kwana 21 suka wuce, 28 suka wuce, ni ina zaune bansan komai ba har na ɗauka sun yafe. Sai wata rana sabbin masu gidan suka kawo min tarin wasiƙu a leda, Allah ya saka musu, na tsaya a bakin ƙofa ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya yaron yana jan zanina yana tambaya me ya faru, ta ƙarshen daga kotun majistare ce, wai an riga an yanke hukunci a takarda, ko ƙafata bata taka kotun ba. Tara, da kuɗin shari'a, da wani ƙari a kai, duka ya haura abin da na kashe a tafiyar gaba ɗaya. Kuɗin ma ba shi ya fi ci min rai ba. In kika biya tarar farko ba a ɗauke ki mai laifi ba, amma in ta kai kotu to hukunci ne a ƙarƙashin sashe na 444 na dokar ilimi ta 1996, kuma ni aikin kula da tsofaffi nake yi, duk fom ɗin neman aiki da ya zo da tambayar ko kotu ta taɓa hukunta ki gabana sai ya faɗi. Na yi waya har na gaji, wannan ya tura ni wajen wancan, makaranta ta ce ba ruwanta ta miƙa, ƙaramar hukuma ta ce ita ta tura. Yaron da duk shekarar ko rana ɗaya bai fasa zuwa ba sai wannan satin. Wlh har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Anti Balaraba: Innalillahi. Sannu Ummu Khalil, Allah ya bi miki haƙƙinki.

Maman Hanan: Subhanallah sannu 'yar uwa. Baki nemi a sake buɗe shari'ar ba? Akwai rantsuwar da ake yi a gaban kotu cewa mutum bai san da ƙarar ba.

Ummu Khalil: Daga baya na ji wannan, lokacin na riga na fara biya kuma ba ni da ƙarfin ja da kowa, ga tashin gida ga aiki.

Abban Sadiq: Allah ya kiyaye gaba, amma wannan matsalar adireshi ce ba ta tafiya ba. Ita Maman Ilham ai bata ce zata tashi ba.

Ummu Khalil: Nima ban ce zan tashi ba lokacin da na tafi, Malam.

Sadiya K.: Ni abin da na ga mutane suna yi, su kira da safe su ce yaro ba lafiya, ba tara ba komai.

Malama Binta: Dan Allah kar ki bi wannan. Ni a firamare nake koyarwa a nan, ranar Litinin yaro yana ajiye jaka zai fara ba abokansa labarin jirgi da ruwan da ya yi iyo, wani har da tsaraba yake zuwa, ko kuma ya yi tsuru-tsuru duk ranar saboda an ja masa kunne kar ya faɗa, kuma wannan na biyun ya fi min ciwo, an ɗora wa ɗan shekara takwas nauyin ƙarya. Yara biyu gida ɗaya su kwanta ciwo Litinin su warke Juma'a, ofis ma sun san zancen.

Maman Ilham ga amsar tambayarki. Ki rubuta, amma ki sa a ranki da wuya a amince. Kafin 2013 hedimasta yana da damar ba da har kwana 10 a shekara don hutun iyali, a watan Satumban shekarar aka cire wannan, yanzu sai da dalili na musamman, kuma arhar tikiti ko hutun wajen aiki yawanci basa shiga ciki. Amfanin rubutawar shine sun san inda yaran suke kuma kin tsaya a kan gaskiya. Ma'aunin da ake duba tara da shi zama 10 ne babu izini cikin sati 10 na makaranta, kowace rana zama biyu ce safe da rana, kenan kwana biyar ɗinki ya cike shi cif. Sai abin da ba wanda ya lura da shi, kowa yana ta babbar, alhali ƙaramin ne ke da abu a gaba, 'yan aji 4 a watan Yuni suke yin gwajin lissafi na jadawalin sau da ake yi a ƙasa baki ɗaya, ki tambayi malaminsa ranakun kafin ki biya kuɗin komai. Babbar kuma ki bincika ranar da sakandaren da zata shiga suke kiran sabbin ɗalibai su zo su ga makaranta, yawanci ƙarshen zangon nan ake yi.

Baban Amir: Malama da girmanki, ke ɓangaren makaranta kike, dole ki faɗi haka. Kwana 190 ne shekarar karatu, biyar a ciki me zai rage wa yaro?

Malama Binta: Ɓangaren yaron nake Baban Amir. Yaro ɗaya sati ɗaya in yana da ƙoƙari zai kamo, ban musa ba. Amma ni talatin ne a gabana, wannan satin biyu sun tafi, sati mai zuwa wasu uku, kullum ina komawa baya, waɗanda basu je ko'ina ba su ke zaman jira. Kuma ko sisin tarar bata shigowa makaranta, ƙaramar hukuma take tafiya.

Baban Yasmin: Ku gode Allah ma ku. Mu nan Jamus zuwa makaranta wajibi ne da gaske, ko karantar da yaro a gida ba a yarda da shi ba. A 2018 'yan sanda a jihar Bavaria har filin jirgin Memmingen suka tsaya gab da hutu suna tambayar iyaye takardar izinin makaranta. Ni ko tunanin yi bana yi.

Abban Sadiq: Jamus daban Ingila daban, ita akan Ingila ta yi tambaya. Kuma akwai wani Bature da ya kai maganar kotu ya ci, in dai zuwan yaronki ya haura kashi 90 ba abin da zasu iya.

Maman Hanan: Rabin labarin ka ji. Jon Platt ne, daga Isle of Wight, ya kai 'yarsa Disney a Florida a 2015 ya ƙi biyan tara, ya ci a kotun majistare ya ci a babbar kotu, amma a Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, ta ce zuwa makaranta a kai a kai yana nufin zuwa yadda dokokin makarantar suka tsara. Tun daga nan hujjar kashi 90 ta mutu. Dan Allah mu daina ba mutane tsohon bayani, wani zai ɗauka ya yi aiki da shi.

Sadiya K.: Ni dai a ganina ƙwaƙwalwar yaro tana buɗewa da tafiya fiye da sati ɗaya a aji.

Anti Balaraba: Sadiya ki bari ki haifa tukunna ki kai makaranta, sannan a ji ta bakinki.

Sadiya K.: Haba Anti, ni na riƙe ƙannena uku har suka gama firamare, ni ke zuwa taron iyaye. Sai wadda ta haifa ce kaɗai ta san yaro?

Maman Ilham: Dan Allah kar a yi faɗa a kaina. Malama na gode sosai, wlh bansan da gwajin aji 4 ɗin ba, gobe zan tambaya. Ummu Khalil labarinki ya tsaya min a rai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ba arha nake bi ba, ɗana ne ya zana hoton gidanmu a makaranta ya zana babansa a kwance yana barci mu uku a tsaye, na kawo takardar gida na kasa nuna wa maigida. In aka bar Yuni sai wata shekarar kuma ba tabbas. Akwai wanda hedimasta ya taɓa amince masa saboda takardar wajen aiki?

Baban Amir: Ni abin da ke ƙona min rai kenan. A 2023 da malamai suka yi ta yajin aiki kwana nawa yara suka zauna a gida, wa ya biya mu tara? Ga ranakun horon malamai guda biyar duk shekara, su rufe makaranta su turo saƙo, kai ka san yadda zaka yi da aikinka.

Malama Binta: Ranakun horon basa cikin 190 ɗin, ƙari ne a kanmu, yaro bai rasa komai ba. Yajin aiki kuma ba a biyanmu albashin ranar.

Maman Hanan: Ni ba malamai nake gani ba, lissafin ne tun asali bai haɗu ba. Hutun makaranta kusan sati 13 ne a shekara, hutun da doka ta ba ma'aikaci kwana 28, ko an haɗa na uwa da na uba bai rufe ba, shi yasa muke rabawa, ni in ɗauki nawa shi ya ɗauki nasa, ƙarshenta ba satin da muke gida tare. Sati shidan bazara kuwa kulob ɗin hutu, inda ake kula da yara in iyaye suna aiki, na yara biyu ya kusa cinye albashina na watan.

Ummu Khalil: Ke kin samu gurbi ma. Namu tun Afrilu yake cika, kuma ƙarfe uku suke tashi, ni shif ɗina sai takwas na dare.

Abban Sadiq: Namu har shida suke kaiwa amma sai ka ƙara kuɗi, kuma basa karɓar wanda ya wuce shekara 11.

Maman Hanan: To kun ji, ita babbar Maman Ilham ma bana ke nan ta kusa fita daga shekarun. Wai ku masu 'yan sakandare ina kuke kai su in kuna wajen aiki?

Sadiya K.: Nima ina son jin wannan, ƙanina na ƙarshe bana ya shiga aji 7.