Ƙari a cinyar karena: in yarda a yi masa tiyata?

Baban Yusra:
Salamu alaikum jama'a. Ina da karen gadi, Duna, shekararsa 8 a gidana. Wata uku ke nan da ƙari ya fito masa a cinya, bai fi goro ba. Yau ya kumbura ya yi ja, jibi ya saɓe, har na ɗauka cizon kaska ne. Likitan dabbobi ya zuƙo ruwan wurin da allura ya duba, ya ce sankarar fata ce, wai mast sel, sai an yanke. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma karen nan sau biyu yana korar mana ɓarayi. Don Allah in an yanke yana warkewa, ko wahalar da shi kawai zan yi?

Likitar dabbobi:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan kumburi da saɓewa halinta ne, ku daina matsa wurin, yana ƙara tayar da ita. Amsar tambayarka tana ga matakin ƙarin, kuma ba a saninsa sai an kai naman ɗakin gwaji. In mai sauƙi ne, aka yanke da ratar santimita 2 zuwa 3 ta lafiyayyar fata a kewaye, yawanci shi ke nan, kare ya yi shekaru. In mai tsanani ne, ko ya riga ya kai kaluluwa ko saifa, sau da yawa watanni ake lissafawa, ko da an haɗa da magungunan da ake ba mai wannan sankarar, wato vinblastine da prednisolone. Kada ka yarda a jefar da naman. In garinku babu wurin gwaji, a tura asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya.

Mafarauci:
Maigida kar ka yi jinkiri irin nawa. Karyata ma ta yi ƙari, na yi ta shafa mata toka da baƙin mai har wurin ya fashe yana wari. Da na kai ta, likita ya ce ya yi faɗi, fatar ba za ta ɗinku ba. Ba ta ga damina ba, kuma har yau abin yana damuna.

Baban Yusra:
Allah Ya saka da alheri. Likita, kwana biyun nan yana amai kuma kashinsa baƙi, akwai alaƙa?

Likitar dabbobi:
Akwai. Ƙarin yana sakin sinadarin histamin da ke haddasa gyambon ciki, baƙin kashin nan wataƙila jini ne. Ka kai shi yau, kar ka jira ranar tiyata.