Kibod bakwai, tebur ɗaya: yaya zan riƙa juya su, kuma ina zan ajiye sauran?

Mai_Madannai:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka daɗe a harkar. Ina da kibod na makanikal guda bakwai: biyu masu jikin alminiyam da nauyin tagulla a ƙasa, Keychron K2 ɗaya, HHKB Professional Hybrid ɗaya, tsohon IBM Model M, sai biyu masu jikin roba. Tebur ba ya ɗaukar fiye da ɗaya, sauran suna jere a kan kanta, wasu a kan wasu. Ɗaya daga cikin na robar ya yi wata biyar ba a taɓa shi ba, yanzu idan na danna harafi sau ɗaya sai ya fito sau biyu. A Kano nake, ga hunturu ya matso. Kwana nawa ya kamata kowanne ya yi a kan tebur kafin a sauya? Kuma a kwali ya fi dacewa a ajiye su, ko a leda, ko a bar su a fili?

Baban_Fanel:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da sauke waɗanda ka ɗora a kan juna, yau ba sai gobe ba. Kibod ɗin alminiyam yakan kai kilo biyu. Idan ya zauna a kan wani, maɓallan na ƙasa suna danne dare da rana, hulunansu suna gogewa, ƙafafun robar na sama kuma su bar tabo. Masu gasket sun fi cutuwa, domin fanel ɗinsu, wato allon lantarkin da ke ƙarƙashin maɓallai, a kan siririn soso yake zaune, soson kuwa idan ya daɗe a matse ba ya komawa yadda yake, sai laushin bugun da ka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Harafin da ke fitowa sau biyu kuwa, galibi ƙura ce. A cikin suwic, wato makunnin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, irin na Cherry MX, da 'yan uwansa Gateron da Kailh, akwai siraran ƙarafa biyu da ke haɗuwa idan ka danna. Ƙwayar ƙura ɗaya ko ɗan datti a mahaɗarsu ya isa ya sa su haɗu, su rabu, su sake haɗuwa cikin ƙiftawar ido, kwamfuta ta ɗauka sau biyu ka danna. Idan kibod ɗin irin wanda ake zare suwic ba tare da dalma ba ne, zare shi ka musanya da na maɓallin da ba ka amfani da shi. In matsalar ta bi suwic ɗin, ka gano mai laifi, sai ka sa sabo. In ta tsaya a gurbin, duba soket ɗin a bayan fanel, wataƙila ya saki. Idan kuma na dalma ne, cire kebul, cire hular, danne suwic ɗin ka ɗiga isofurofil, wato sifirit ɗin goge kayan lantarki, mai ƙarfin kashi 90 ko sama da haka, ɗigo biyu, ka danna kamar sau hamsin, ka bar shi awa guda ya bushe. Sai dai ka sani zai wanke giris ɗin da ke ciki, sautin wannan maɓallin zai bambanta da na maƙwabtansa.

Game da juyawa, ina ganin mako biyu zuwa uku ya yi wa kowanne. Da guda bakwai, ka ga kowanne zai dawo tebur cikin wata uku zuwa biyar. Suwic ba inji ba ne da zai lalace don an bar shi a zaune, amfanin juyawar shi ne idonka ya riƙa kai wa kowanne kafin ƙaramar matsala ta girma. Ranar sauyi ka yi abu huɗu ga wanda zai sauka: kife shi ka kakkaɓe, bi tsakanin layuka da burushin fenti mai laushi, goge huluna da ƙyalle mai ɗan danshi, sannan ka gwada kowane maɓalli kafin ka rufe shi. Gumi da man yatsa da aka bari a kan hula su ne ke kama ƙura su zama daƙiƙi.

Hajiya_QMK:

Sannu da ƙoƙari, Baban_Fanel, amma akwai abin da ya fi ƙura gaggawa a jerin nan, wato batir.

K2 yana ɗauke da batirin litiyam a cikinsa. Irin wannan batir ba ya son a ajiye shi a cike maƙil, ba ya kuma son ya ƙare tas. Ka bar shi tsakanin kashi 40 zuwa 60, ka tura makunnin gefe zuwa kashewa, kada ka bar shi a kan Bluetooth yana neman kwamfuta a cikin kwali. Bayan wata uku ka ɗan ƙara masa caji, ko da layinsa bai zo ba. Zafi ne ke saurin tsufar da shi, kuma ka san yadda ɗakin da ke ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Kada ka sa shi a saman wadirof kusa da silin, nemi durowar ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi. Duk ranar da ka ga ƙasan kibod ya yi tudu, ko ya daina zama daidai a kan tebur, ko tsakiyar maɓallan ta ɗago, batirin ya kumbura. Kada ka sake sa masa caji, kada ka danna ko ka huda shi, a buɗe a zare shi.

HHKB Hybrid kuwa batir AA biyu yake ci. Cire su gaba ɗaya duk lokacin da zai sauka daga tebur. Batirin alkalin idan ya daɗe yakan yi yoyo, ya bar farin gari mai cin ƙarfen mazauninsa, wani lokaci har ya gangara kan fanel.

Wani abin da ake mantawa shi ne tsarin maɓallai. Idan ka tsara ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a kan wasu maɓallai ta manhajar VIA, adana fayil ɗin kowane kibod da sunansa a kwamfuta. Sannan ka yi ƙoƙari waɗannan haruffa su kasance a gurbi ɗaya a dukkansu, in ba haka ba kowane sauyi sai yatsunka sun yi kwana biyu suna lalube.

Malam_Sifirin:

Bari in ɗauki tambayar kwali ko leda, domin amsarta tana sauyawa da lokacin shekara.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris matsalarka ƙura ce, irin mai laushi kamar gari wadda ke ratsa ƙyalle da murfin da ba shi da gefe. A wannan lokacin leda mai zif ko akwatin roba mai murfi mai kamawa shi ne daidai. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, idan ka rufe kibod a leda ranar da iska ke da laima, ka kulle laimar ne tare da shi. Abin da za ka tarar bayan wata biyu shi ne tsatsa a kan farantin ƙarfe da wayoyin da ke daidaita manyan maɓallai, tagullar kuma ta yi dabbare-dabbare. Don haka ledar ba ta tafiya sai da silika, 'yan ƙunshin nan da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi. Sa ƙunshi biyu masu giram goma-goma ga kowane kibod. Ka fi neman mai launin ruwan lemo wadda ke komawa kore idan ta sha ruwa ta ƙoshi, sai ka zazzage ƙwayoyin a faranti ka gasa a digiri 120 na kamar awa biyu, su koma aiki. Ƙaramar na'urar auna laima a cikin akwatin za ta hutar da kai, ka nemi ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50.

Kada ka sa kafur don korar kyankyaso, tururinsa yana iya tausasa wasu robobi, ƙamshinsa kuma ya kama soson ciki ya ƙi fita. Akwati mai rufuwa da kibod marar ɓurɓushin abinci sun wadatar.

Kebul ma a raba shi da kibod. Rigar kebul ta PVC tana fitar da sinadarin da ke sa ta laushi, idan ta daɗe a naɗe jikin roba sai ta bar zane kamar an ɗora zazzafar waya, kuma ba ya gogewa. Ana yawan ganin haka a tsofaffin kibod. Naɗe shi sakwa-sakwa a tasa ledar. Mai murɗe kamar wayar tarho kuwa, zura masa sanda a tsakiya don kada ya miƙe.

Hulunan robar ABS, irin na kamfanin GMK, rana ce ke mayar da fararensu rawaya, ko da ta taga take shigowa. Na robar PBT sun fi juriya sosai. Idan kana son ka jera wasu a fili don kallo, zaɓi masu PBT, a bangon da rana ba ta kaiwa, ka yi musu murfi.

Model M naka kuwa, a kwance zai zauna shi kaɗai, ba komai a kansa. IBM ta fara yinsa a 1985, kuma farantin ƙarfensa da ƙusoshin roba da aka narka aka kama shi. Da tsufa suna bushewa su karye. Jijjiga shi a hankali, idan ka ji ƙananan abubuwa suna kaɗawa a ciki, kawunansu ne suka zube. 'Yan kaɗan ba sa hana aiki, amma idan wani yanki ya fara laushi ko ya daina amsawa, sai an huda an maye gurbinsu da ƙananan noti. Kada ruwa ya kusance shi, domin a ƙarƙashin sifirin ɗinsa siraran ledoji ne masu zanen lantarki, ruwa in ya shiga tsakaninsu yana daɗewa bai bushe ba.

Baban_Fanel:

Gaskiya ne, Malam. Ƙari ɗaya kan hunturu: bushewar iska tana tara lantarki a jiki, irin wanda ke yin tas idan ka taɓa ƙofar mota. Shi ma yana kashe fanel. Kafin ka zare suwic ko ka buɗe kibod, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, ka riƙe fanel ta gefe, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet. Tagullar da ba a yi wa rufi ba kuwa, goge zanen yatsa kafin ajiya, shi ne ke fara yin baƙi. Isofurofil ɗin da na ambata, kada ya taɓa jikin akirilik, robar nan mai kama da gilashi, yana sa shi tsattsagewa.

Mai_Madannai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na musanya suwic ɗin kamar yadda aka ce, matsalar ta bi shi, don haka zan sa sabo. Batiran HHKB ma na cire su. Saura tambaya ɗaya ga Malam_Sifirin: idan na wanke huluna da ruwa kafin ajiya, awa nawa zan bar su?

Malam_Sifirin:

Jiƙa su a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da ɗigon sabulun wanke-wanke na minti talatin, ka ɗauraye, ka baza su a kan tawul a inuwa, ramin yana kallon ƙasa. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, da damina ba su kwana biyu. Ruwa yana maƙalewa a cikin ramin da ke hawa kan suwic, don haka ɗauki biyu ko uku ka buga a tafin hannunka, in ba ka ga ɗigo ba sai ka mayar.