Neman kalma: ciwon da ke kama matafiyi a Puno, bakin tafkin Titikaka

Mai neman kalma, Rikkos:
Salamu alaikum. 'Yan uwa, me za mu kira abin da Turawa ke ce wa altitude sickness, mutanen Peru kuma su ce soroche? Shi ne ke kama masu yawon ƙasa da jaka a goye idan bas ta sauke su a Puno, mita 3,800 da ɗoriya sama da teku. Na ji wasu na cewa "ciwon tsauni".

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Wa'alaikumus salam, Malam. Tsauni zai ruɗar da mutum. Yankin shimfiɗaɗɗen tudu ne irin namu na Jos, sai dai namu wajen mita 1,200 ne, nasu ya ninka shi sau uku. Matafiyi bai taka dutse ba, a kujera yake zaune. Bas ta ɗauko shi daga birnin Arekifa, mita 2,300, ta ratsa wuraren da suka haura 4,000, ta dire shi Puno cikin kamar awa 6. Saurin hawan nan ne matsalar, jiki bai samu sabawa ba. Daga mita 2,500 abin ke somawa, kuma ba nan take ba: sai bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa a daren farko, kai ya ɗauki sara, ga tashin zuciya, abinci ya fita rai, barci ya ƙi.

Malamin kimiyya, Gangare:
Tunda tushensa ƙarancin iskar shaƙa ne, a ce "ciwon iska". Kowane numfashi a can bai kai kashi biyu cikin uku na abin da yake kawowa a bakin teku ba.

Malamin Hausa, Unguwar Rogo:
A'a, ƙanena, wannan kam kada mu soma. Ka ce wa Bahaushe ciwon iska, wurin mai ruƙiyya zai nufa. "Ciwon hawa" ma zai tafi ga hawan jini. Ni "ciwon tudu" na zaɓa. Mai shi kuma a ce tudu ya buge shi, yadda muke cewa rana ta buge shi.

Ma'aikaciyar jinya, Bukuru:
Ya zauna, Baba Malam. Amma a haɗa shi da ƙa'idarsa: a kwana biyu a Arekifa tukuna. Bayan mita 3,000, wurin kwana kada ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, abin da bas ɗin nan ba ta bari, shi ya sa likita kan rubuta maganin acetazolamide, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana guda kafin hawa. Idan aka ga haki alhali mutum na zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi kamar mai maye, ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. A sauko da shi ƙasa a daren, kada a jira gari ya waye.

Mai neman kalma, Rikkos:
Na gode, Hajiya. Na rubuta "ciwon tudu", mai tsananin kuma "bugun tudu".