Neman shawara: ɗan karena yana ɗingishi, ciwon na yawo daga ƙafa zuwa ƙafa

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kare German Shepherd, namiji, wata 8, nauyinsa kilo 27, mai ƙiriniya sosai. Sati biyu da suka wuce ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama, ta lafa, yanzu kuma ta baya ta hagu ce. Ba rauni, ba kumburi, sai cin abinci da ya ragu. An ce in ba shi ibuprofen da ƙwayar kalsiyam. Me kuka gani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumussalam Malam. Don Allah kada ka ba shi ibuprofen ko diclofenac. A jikin kare suna jawo gyambon ciki har da zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda. Abin da ka bayyana ya yi kama da panosteitis, wato kumburi a cikin ɓargon dogayen ƙasusuwa. Yakan kama manyan karnuka tsakanin wata 5 da wata 18, maza sun fi, kuma German Shepherd ne kan gaba. Ka kwantar da shi, ka danna tsakiyar ƙashin ƙafar a hankali, ba gaɓa ba. In ya zabura ko ya yi ƙara, alama ce. Likitan dabbobi zai tabbatar da hoton ƙashi, sai dai wani lokaci hoton farko ba ya nuna komai, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Ciwon yakan tafi ya dawo, kuma galibi yana rabuwa da kare kafin ya cika shekara 2.

Amsa ta biyu:
Maganin da likita kan rubuta shi ne meloxicam na dabbobi: miligiram 0.2 kan kowane kilo ranar farko, daga nan 0.1 sau ɗaya a rana, tare da abinci. Kada a haɗa shi da dexamethasone ko prednisolone, nan ne ciki ke hujewa. Ka ga amai ko baƙin kashi kamar kwalta, ka dakata nan take, ka koma wurin likita. Kwanakin da yake ɗingishi, a fita da shi da igiya minti 10, ba tsalle, ba gudu a kan siminti. In ya warware, a ƙara masa a hankali.

Amsa ta uku:
Batun kalsiyam, a'a. Hanjin kare mai tasowa ba ya iya tace wanda ya yi yawa, sai ya dagula girman ƙashi. In ragowar tuwo da nama zalla yake ci kuma, ana iya samun ƙaranci, gyaransa abincin da aka haɗa don 'ya'yan manyan karnuka ne, a sauya cikin kwana 7. Kada ya yi ƙiba: in ka shafa gefensa, ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba. Ka kuma duba kunnuwa da tsakanin yatsu ko akwai kaska, don zazzaɓin kaska ma na sa ɗingishi. In zafin jikinsa ya haura digiri 39.5 a ma'aunin Celsius, ko kusa da gaɓa ya kumbura yana zafi, ko ƙafa ɗaya ta wuce sati 3 ba sauƙi, a yi gwajin jini, a ɗauki hoton gwiwar gaba da ƙugu.