Gudawar haƙori ce, ko in kai shi asibiti?

Uwar Ɗa Ɗaya:
Assalamu alaikum iyaye da ma'aikatan lafiya da ke nan. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ba a kwance yake ba. Yarona watansa tara, tun jiya da asuba yake gudawa kamar ruwa, sau bakwai na canza masa kunzugu. Ya yi amai sau biyu, jikinsa da ɗan ɗumi. Yana kama nono amma ya ƙi kunu. Ɗazu da nake masa wanka na ga kamar maɗigarsa ta lotsa.

Da Hajiya, mahaifiyar maigidana, muke zaune. Ta ce haƙori ne, 'ya'yanta takwas duk haka suka yi. Ta aika kyamis an sayo Flagyl na ruwa da maganin haƙori, gobe kuma za a kira wata tsohuwa ta shafa masa magani a maɗiga. Ban ba shi ba tukuna, na ce sai ya tashi daga barci. Ba na son yi mata musu, wallahi tana ji da yaron nan, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. Maigidan ya yi tafiya. Yaya zan yi?

Nas ta Ɗakin Yara:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya. Ki kai shi asibiti yau, kar ki jira gobe. Maganar maɗigar nan ce ta tsaya min. Ƙashin kan jariri bai gama haɗewa ba a wurin, shi ya sa idan ruwan jikinsa ya ragu sai wurin ya faɗa. Ba ciwon kai ba ne, kuma duk abin da za a shafa daga waje ba zai ɗago ta ba. Ruwa ne ya fita, ruwa ne zai mayar da ita.

Kafin ki fita ki fara ba shi ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake haɗawa da ruwa. Ki duba jikin ledar: yawanci a lita ɗaya ake zubawa, wato ruwan leda biyu, ko ruwan da aka tafasa ya huce. Ki juye garin duka, kar ki raba shi da ido, kar ki ƙara sukari. Yaro ƙasa da shekara biyu, duk gudawar da ya yi a ba shi mililita 50 zuwa 100, kwata zuwa rabin kofi ke nan, da cokali, a hankali. In ya amayar ki dakata minti goma, sannan ki ci gaba, cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko uku. A nan iyaye da yawa suke karaya, su ce ai ba ya zama. Yana zama, abin da ya shiga ya fi wanda ya fito. Wanda ya kai awa 24 da haɗawa ki zubar ki haɗa sabo. In babu ORS a kusa, rabin cokalin shayi na gishiri da shida na sukari, a shafe ba a toza ba, cikin lita ɗaya. Ki ɗanɗana, kar gishirinsa ya fi na hawaye.

Nono kuwa ki ba shi fiye da kullum. Za su ba ki ƙwayar zink, miligiram 20 kullum ga wanda ya wuce wata shida, kwana 10 zuwa 14. Tunda da ɗumi a jikinsa ki ce a yi masa gwajin maleriya. Flagyl ɗin ki ajiye: yawancin gudawar yara irin wannan ƙwayar bairos ce ke kawo ta, musamman rota, kuma Flagyl ba ya taɓa ta. Ki tafi da katinsa na riga-kafi a duba ko ya samu ɗigon rota, tun 2022 aka sa shi cikin riga-kafin yara a Najeriya, a sati 6 da 10 da 14.

In kuma ya daina kama nono, ko komai ya shiga sai ya dawo, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko jijjiga, ko jini a bayan gida, ko kin ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, to ko tsakar dare ne ki fita.

Kakar Yara:
'Yata, sannu. Ni ma haka na taso ina ji, haƙori, haƙori. Ɗana na uku saura ƙiris mu rasa shi a kan wannan magana. Kwana uku muna jiƙe-jiƙe, da muka isa asibiti jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa ma sai a ka aka samu. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. A can aka fahimtar da ni cewa lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro yake rarrafe, dasashi na masa ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai baki, ga shi an fara ba shi kunu. Dattin ne ke kawo gudawar, haƙorin dai sun zo tare ne kawai.

Kar ki ce wa Hajiya ba ta sani ba. Ki durƙusa ki ce, Hajiya tsoro nake ji, don Allah ki raka ni a duba min shi. Ki bar ta ta goya shi ma. Abin da za ta ji daga bakin malaman asibiti ya fi wanda za ta ji daga bakinki shiga.

Baban Yara Huɗu:
Maganin haƙorin nan ne nake jin tsoro. A 2008 wani da ake kira My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan kafin hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta kwashe shi daga kasuwa. Tun daga lokacin ban yarda a shigo min da irinsu gida ba. 'Yar uwa, ki kira maigidanki a waya ya yi wa mahaifiyarsa magana da kansa, nauyinsa ne.

Uwar Ɗa Ɗaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, na yi yadda kika ce, kuma Hajiya da kanta ta ɗauko mayafi. Awa huɗu muka yi a asibiti ina ba shi ORS da cokali suna dubawa, ba a kai ga ƙarin ruwa ba. Babu maleriya. Yau kwana uku, gudawar ta tsaya, maɗigar ta ciko, ya sha koko da safe. Anti Nas, tunda ya warware zan iya daina zink ɗin? Da ƙyar yake sha.

Nas ta Ɗakin Yara:
Alhamdulillahi. A'a, ki ƙarasa kwanakin da aka rubuta miki, shi ne zai gyara hanjinsa ya kuma rage yiwuwar dawowar gudawar cikin wata biyu zuwa uku. Ki tatsi nono a cokali ki narkar da ƙwayar a ciki, ki ba shi bayan ya ci wani abu, ya fi zama. Har sati biyu ki ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum, kunun gyaɗa ko faten wake mai laushi da ɗan manja, don ya mayar da abin da ya zube. Ki gaishe min da Hajiya.