Kwana uku a kwale-kwale daga Sinja zuwa Maiurno: wa ya taɓa yi?

Ɗan Maiurno: Assalamu alaikum. Ni da ƙannena biyu muna da niyyar, idan hanya ta yi lafiya, mu gangaro kogin Shuɗin Nilu na Sudan a kwale-kwale daga Sinja zuwa gida Maiurno, muna kamun kifi muna kwana a gaɓa. Da yake a Hartum muka girma, ruwan nan bai san mu ba, shi ya sa nake roƙon iyaye da yayyen da suka taɓa irin wannan tafiya su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Tsohon Masunci: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kafin maganar guzuri, fara zaɓen wata. Daga Yuli zuwa Satumba kogin yana cika da ruwan duwatsun Habasha, ya yi ja wur da laka, yana janyo kututture da rassan da ke iya kifar da jirgi, kuma a wannan lokaci ko mu da muka tsufa a cikinsa ba ma yin nisa. Ku bari sai Disamba ko Janairu. Amma kada ka ɗauka cewa tunda gangara za ku yi ruwa zai ɗauke ku, domin madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, tana tare ruwan a lokacin, ya kwanta kamar tafki, ga iskar hunturu daga arewa tana bugun goshin jirgi. Ni da zarar na sallame sallar asuba nake kama filafili, in hantsi ya yi iska ta taso sai in raɓe a inuwar bagaruwa in gyara koma.

Abu Fatima: Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai ni a ƙasan madatsar Rusairis, kusa da Damazin, na sha tawa wahalar. Mun sauka a wani tsibirin yashi mai kyau, muka ja jirgi rabi a tudu ba tare da mun kafa turke ba, muka gasa karfasa muka kwanta. Can cikin dare na ji sanyi a ƙafata, ashe an saki ruwa daga sama, kogin ya hau har tabarma ta jiƙe. Da na haska tocila sai na hangi jirgin yana juyawa a hankali, buhun gari da jarkar ruwan sha a ciki. Ƙanena ne ya shiga ruwa har ƙirji ya kamo igiyar. Laifinmu ne, domin layin danshin jiya yana nan ɓaro-ɓaro a jikin yashin, ba mu duba ba. Tun daga ranar, a saman wannan layi nake shimfiɗa, kuma da igiya biyu nake ɗaure jirgi.

Ummu Usman: Mijina ya dawo daga irin wannan tafiya da zazzaɓin cizon sauro, saboda ya bar gidan sauro wai nauyi ne. Ku tafi da shi. Kisra kuma, wato gurasar dawa, ba ta jure kwanaki, gara gari, dabino, busasshiyar kuɓewa da gishiri mai yawa.

Tsohon Masunci: Gishirin nan da ƴata ta ambata shi ne babban guzuri, domin mamari ɗaya, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da aka kafa da magariba yakan wayi gari da tarwaɗa da kurungun da mutum uku ba za su cinye ba, sai a tsaga a barbaɗa a shanya. Giwan ruwa kuwa sai a wuri mai zurfi, da ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya. Kada ku feɗe kifi inda za ku kwana, domin ƙarni yana jawo kada. In kuma minjirya, kifin nan mai lantarki a jiki, ta faɗa komarku, da sanda ake fitar da ita.

Ɗan Maiurno: Allah ya saka da alheri, Baba. Mun tsayar da Janairu, kuma gobe zan je kasuwa neman igiya ta biyu.