Allon manhajar sukuk: wuraren da ido ke ruɗewa

Ɗan Jidda: Salamu alaikum jama'a. Ana tsara allon wata manhaja ta kula da jarin sukuk (takardun zuba jari masu bin tsarin shari'ar Musulunci) da takardun bashi, na Riyal da na Dala, da Larabci da Turanci. Waɗanda ke zama gaban irin wannan allo kullum, don Allah ku faɗi inda yake jefa mutum cikin kuskure.

Hajiya ta Riyad: Wa alaikumus salam. Fara da farashi, ƙanena. Farashin da ake gani a kasuwa ba shi ne abin da zai fita daga asusu ba, domin mai saye yana biyan ribar da ta taru tun daga rabon baya. A ce sukuk na Riyal miliyan 1 ne, ribarsa kashi 5 cikin ɗari, farashi kashi 98.50 cikin ɗari na ƙimarsa, rabon ƙarshe 15 ga Yuli, kammala ciniki 15 ga Oktoba. Tsabar farashi Riyal 985,000 ne. Idan ana lissafin wata kwana 30, shekara 360, kwana 90 ke nan, ribar da ta taru 12,500, jimla 997,500. Idan kuwa kwanakin zahiri ake ƙirgawa a kan 365, kwana 92 ne, ribar ta zama 12,602.74. Tazarar Riyal ɗari da 'yan kai ce, amma ta isa ta hana lissafinku dacewa da na ma'ajin takardun, a wuni ana nema. Don haka layi uku daban: tsabar farashi, ribar da ta taru, jimla. Ƙa'idar ƙirga kwanakin kuma a rubuta ta a gefen adadin, kada a binne ta cikin saituna.

Bakano a Dammam: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ƙari a kai, ranar kammalawa. Tadawul, kasuwar hannun jarin Saudiyya, na aiki Lahadi zuwa Alhamis, kuma ciniki na kammala bayan ranakun aiki biyu. Wanda ya saya ran Laraba sai Lahadi. Takardar Dala da ake kammalawa a waje, Larabar nan ɗaya, Juma'a za ta faɗa. Kowace takarda da kalandarta, kuma allon ya rubuta sunan ranar, ba 12/10 kawai ba da kowa zai karanta yadda ya ga dama. Hutun Salla ƙarama da babba na matsawa kowace shekara, sai an shigar da su bayan kasuwa ta sanar.

Malam na Madina: Kwanan watan Hijira a nuna shi, amma kada a yi lissafi da shi. Kuma a tabbatar na Ummul Ƙura ne, kalandar hukuma ta Saudiyya, wasu manhajojin na saɓa masa da kwana ɗaya.

Hajiya ta Riyad: Malam, ai ɓangaren Larabcin ma ya fi wannan rikici. Da an juya allo dama zuwa hagu, alamar ragi takan tsallake ta koma bayan adadi, -2.5 ya fito 2.5-, ko ta maƙale a jikin layin teburi ba a ganinta. Maganinsa a keɓe kowane gurbin adadi ya riƙa tafiya hagu zuwa dama ko da kan teburin Larabci ne. Sai lambobin da kansu: biyar ta Larabci da'ira ce kamar sifiri, sifirinta kuma ɗigo ne. Ni a ganina teburin kuɗi ya tsaya kan 0 zuwa 9 a harsunan biyu, lambobi masu faɗi ɗaya, ɗigon kowane layi a saitin na samansa.

Ɗan Jidda: Madalla. To akwatin shigar da umarnin saye fa?

Bakano a Dammam: Nan ne babbar asara take. Tun 2019 ƙimar takarda ɗaya ta gwamnati ta sauko daga Riyal miliyan 1 zuwa 1,000. Akwatin da aka rubuta wa "adadi" kawai, wani zai sa 500 yana nufin takardu, wani 500,000 yana nufin kuɗi, in manhaja ta ɗauka takardu ne ya zama Riyal miliyan 500. A yi akwati biyu masu cika juna, ka rubuta ɗaya ɗayan ya fito da kansa. Tambayar "ka tabbata?" kada ta fito a kowane ciniki, hannu zai saba dannawa ba karatu. Ta fito in an wuce iyakar da aka sa, ko farashi ya yi nisa da na ƙarshe.

Malam na Madina: Na ƙarshen ma a duba shekarunsa. Sukuk na kamfanoni kan yi kwanaki ba a taɓa shi ba, allo kuma ya nuna tsohon farashi da kore shar kamar yanzu aka yi cinikin. A sa ranar farashin da inda ya fito, in ya kwana biyu launinsa ya dushe.

Hajiya ta Riyad: Ja da kore a bar su ga farashi kaɗai, tunda in ribar kasuwa ta hau farashi sauka yake yi, kuma a haɗa da kibiya saboda masu matsalar bambance launi. A saman allo, maimakon "tsawon zango 6.2" (ma'aunin yadda farashi ke motsawa in ribar kasuwa ta canza) shi kaɗai, a fassara shi zuwa kuɗi: jarin Riyal miliyan 50 zai motsa da kusan Riyal 31,000 duk lokacin da ribar kasuwa ta gusa da 0.01 cikin ɗari. Na Dala a juya shi zuwa Riyal kan 3.75 kowace Dala, a rubuta cewa an juya.